Gangar miliyan shida a ƙarƙashin rufin kwano

Duk lokacin da wata majami'a ko wani ban, wato ƙungiyar makaɗa, a garin nan suka tashi sayen kayan kiɗa sai an yi gardamar nan, wasu suce a sayi mai tsada a huta, wasu suce ganga ai ganga ce duk wadda ka daka zata yi ƙara. Ni aikina haɗa sauti ne, nine mutumin nan da kuke gani a bayan miksa wurin biki ko sujada, wanda kowa ke juyowa ya harara in sifika tayi kuka, kuma ra'ayina shine saitin ganga mai tsadar gaske, irin na miliyoyi ɗin nan, bai ci kuɗinsa ba a mafi yawan wuraren da ake girke shi a Kaduna. Ban ce bashi da kyau ba fa. Yana da kyau sosai, in ka zauna a bayansa ka taɓa kai kanka zaka ji daɗi. Amma abinda aka biya a cikinsa ba ya isowa kunnen matar da ke zaune a benci na goma, kuma yawanci kuɗinta ne aka saya da shi.

Don mu duba ma wa ke sayen kayan nan a garin nan. Mawaƙan Hausa na situdiyo ba ruwansu da shi, su fiyano ce da kwamfuta, har kalangun da kake ji a waƙa sau da yawa daga cikin na'ura ya fito. Bukukuwan Malali da Unguwar Rimi da Kawo DJ ne ke riƙe da su. Sojoji da 'yan sanda suna da badujalarsu, wannan lissafin gwamnati ne ba namu ba. Waɗanda suka rage sune majami'u, daga Sabon Tasha zuwa Narayi, Barnawa, Unguwar Television, Kakuri, Romi har Gonin Gora, sai 'yan ban masu wasa a otal da wuraren shaƙatawa, sai makarantun kuɗi masu son iyaye su gani ranar yaye ɗalibai. Kaga kenan yawancin kuɗin ba na aljihun mutum ɗaya bane, baiko ne da lanchin da gudummawar da Zumuntar Mata suka tara da kyar. In wani mai hali ya cire kuɗinsa ya sayi ganga ta zinare ya ajiye a falonsa ba ruwana, Allah ya sanya albarka. Kuɗin jama'a kuwa dole a yi magana.

Ga lissafin. Saitin manyan kamfanoni na sahun farko, irin Collector's na DW da ake haɗawa a Kalifoniya, ko manyan na Tama da Sonor da Yamaha, kai dala 4,000 ba wani abu bane a wurinsu, wasu sun wuce haka nesa. Kafin Yunin 2023 dala a farashin gwamnati tana wajen naira 460, da aka saki naira, zuwa Fabrairun 2024 ta haura 1,500. In ka buga dala 4,000 a kan 1,500 ka samu miliyan 6, ba a sa kuɗin jirgi ba, ba a sa kwastan ba, ba a sa ribar ɗan kasuwa da kuɗin motar da zata ɗauko daga Legas ba. Mafi ƙarancin albashi a jihar Kaduna naira 72,000 ne tun ƙarshen 2024. Wato ma'aikacin da ke wannan matakin sai ya yi kusan shekara bakwai bai ci ba bai sha ba kafin ya tara kuɗin. Kuma shine zaune a cikin jama'a ranar lanchin ana kiran suna a lasifika ana cewa wa zai buɗe mana da dubu hamsin.

Sannan akwai abinda mutane da yawa basu sani ba sai kwali ya iso. Mai araha ne ke zuwa da komai, ganguna da simbal, wato farantan ƙarfen da ake bugawa, da ƙarafa da fedar da ake takawa da kujera har da sanda. Mai tsada kuwa jikin gangunan kawai ake sayar maka, kik, babbar nan da ake bugawa da ƙafa, da tom-tom da ke kewaye da ita, sau da yawa ko sineya babu, wato ƙaramar nan ta tsakanin ƙafafu mai wayoyi a ƙasa wadda ita ce aka fi duka. Na taɓa tsayawa ana buɗe irin wannan kwalin a gaban kwamiti, an kira ni in haɗa, aka fito da ganguna huɗu suna ta sheƙi kowa na murmushi, sai wani dattijo ya leƙa cikin kwalin ya ɗago yace "ɗana, ina sauran?" Nace Baba ai iyakarsa kenan. Yace to farantan da ake bugawa fa? Nace Baba su daban ake saya. Shiru yayi ya zauna. Kuɗi kuma ya riga ya ƙare, ƙarshenta tsofaffin simbal ɗin da suka zo da saitin da ake gudu aka ɗora a kan sabon, babbar riga ta gezna da silifas ɗin wanka.

To me ake biya a mai tsadar? Jikin ganga dai siraran fallen katako ne ake lanƙwasawa a manna da gam, falle shida ko bakwai ko takwas. Masu araha da itacen popla ake yi, na sama kuma mepul ko bach ko mahogani. Akwai bambanci, ban musa ba, bach tafi kaifi mepul tafi ɗumi, amma bambanci ne da sai ka sa su gefe da gefe a ɗaki mai kyau da fata iri ɗaya sannan mai kunne ya rarrabe. Babban kason kuɗin yana tafiya ne a fenti da goge-goge, da fallen katakon waje mai zane, da aikin hannun ma'aikacin Amurka ko Jamus ko Japan, da kuma sunan da ke rubuce a gaban kik. Su kansu kamfanonin suna da na tsakiya da suke haɗawa a Sin da Taiwan, Pearl na da Export tun shekarun 1980, Yamaha na da Stage Custom da bach zalla aka yi shi, DW na da PDP, Mapex ma haka, kuma injinan yanzu sun sa ganga ta tsakiya tana fitowa a zagaye sumul bakinta a yanke daidai. Abinda sauti ke nema daga jikin ganga kenan, ta zama a zagaye, bakinta inda fata ke kwanciya ya zama lafiya. In an samu wannan, saura duk na fata ne da hannun mai ɗaurawa.

Fata, ita ce maganar da ba wanda yake so ya ji don ba ta da kwarjini a wurin lanchin. Da can fatar maraƙi ake sa wa gangar bature, sai a wajajen 1956 zuwa 1957 Evans da Remo suka fito da ta roba wadda damina da rani basa canza ta sosai, sunan fata dai ya bi ta. Ita sanda ke duka, ita ke girgiza, ita ce sautin. Mai kyau ta tom ko sineya a waje wajen dala 20 zuwa 30 take. Ka ɗauki saiti na tsakiya ka cire fatun da suka zo da shi ka sa masu kyau sama da ƙasa, ka samu wanda ya iya ɗauri ya bi notinan nan ɗaya bayan ɗaya, wannan da na gabansa, yana ƙwanƙwasa gefe yana saurare har duk su daidaita, ina tabbatar maka a cikin jama'a babu mai cewa ba na miliyoyi bane. Amma jeka ka duba gangunan da ke garin nan. Fatar sineya tayi baƙi a tsakiya ta lotsa, ta tom duk ramuka, ta ƙasa kuwa tunda aka sayo ba wanda ya taɓa ta, wasu ma basu san ana ɗaure ta ba. An naɗe tishu an manna da salatif a kan kowane tom wai don a kashe ƙugi, wani har faɗin tafin hannu, an cusa filo biyu da tsohon labule a cikin kik har ya cika. To dan Allah in zaka toshe ganga haka, meye amfanin mepul ɗin? Ka biya miliyoyi don katako ya yi amo sannan ka sa filo ka kashe amon. Kuma makullin ɗauri, ɗan ƙarfen nan da bai kai yatsa ba, a wurare da yawa in ka tambaya sai a fara kallon juna, ƙarshe filaya ake kawo maka, shi yasa kawunan notin duk sun cinye.

Sai ɗakin. Yawancin wuraren da muke kiɗa bulo ne da siminti, ƙasa tayil, taga gilashi, sama kwano, wasu ko silin babu. Ka buga sineya sau ɗaya ta dawo maka daga bango huɗu da rufi. A irin wannan wurin duk wata ƙawa da ke cikin sautin ganga mai tsada narkewa take yi, abinda ya rage ƙara ne kawai. Daga nan kuma sautin zai bi ta maik mai araha, ya shiga miksar da rabin layukanta sun mutu, ya fita ta sifikar da aka sake wa naɗi ba sau ɗaya ba, ga janareta na rera tasa a bayan taga. Ni da ke riƙe da miksar nake gaya maka, akwai ranakun da nake kashe maik ɗin ganga gaba ɗaya banda na kik, don ko babu maik ta riga ta danne mawaƙa, kuma ba wanda ya taɓa lura. Da an ɗauki kaɗan daga cikin kuɗin an sa labule mai kauri a bangon baya, an shimfiɗa kafet a ƙarƙashin saitin, an yi silin, da kowa ya ji canji tun daga ƙofa.

Inda zan yarda a kashe kuɗi ba tare da na yi ƙorafi ba shine simbal. Dalili kuwa ɗaya ne, ganga ana gyara mata murya, simbal ba a gyarawa. Yadda ya fito daga masana'anta haka zai mutu. Waɗanda ke zuwa da saiti mai araha biras ne, jan ƙarfe da tutiya, in ka buga sai kaji ƙwam, ba ya buɗewa ba ya jan numfashi, kuma wata kaɗan ya lanƙwashe. Na sama da shi shine wanda suke kira B8, jan ƙarfe kashi 92 kuza kashi 8. Na ƙwarai kuma B20, jan ƙarfe 80 kuza 20, kuzar nan dai irin wadda aka yi ta haƙa a Jos, ana zuba shi a murza a bubbuga da guduma a kankare, shi yasa ko guda biyu masu suna ɗaya basa yin murya ɗaya. Gidan Zildjian tun 1623 suke wannan sana'ar a Istambul kafin su koma Amurka a 1929, Sabian kuma ɗan gidan ne ya ɓalle ya kafa a Kanada a 1981, ga Paiste ga Meinl ga ƙananan masana'antun Turkiyya da har yau da hannu suke bugawa. Babban simbal ɗaya mai inci 20 na sahun farko yana iya kai dala 400 ko fiye, eh da tsada, amma shi kam ana jinsa har benci na ƙarshe, domin sautinsa ne ke hawa saman komai, in mai kyau ne ya yi shhh ya sauka, in mara kyau ne ya yi ta sukan kunnen tsofaffi har a tashi. Kuma in an kula da shi sai ya yi shekaru masu yawa, a canza saiti a bar shi.

In an kula fa nace. Don nan ma akwai ɓarna. A kan ƙarfen da ake rataya simbal akwai 'yar roba da ke raba shi da ƙarfen, da ɗan soso sama da ƙasa. Su ne ke fara ɓata, ba wanda ke mayarwa, sai ƙarfe ya yi ta cin ramin tsakiya har ya zama kamar ramin makulli, daga nan tsaga. Ko kuma a ɗaure shi tamau ya kasa lilo, yaro ya zo ya yi ta saran bakinsa da gindin sanda. Simbal ɗin dala 400 da na biras duk tsagewa suke a hannun irin wannan. Sannan jabu ya yi yawa, tambari ba wuyar bugawa yake ba, in kaga an ce maka Zildjian ne sabo fil a kuɗin da bai kai na fata biyu ba to kai ma ka san amsar.

Kar kuma wani ya ɗauka ina cewa a je a kwaso mafi araha. Araha bata ado, kuma a ganga ma hasara ce ƙarara. Irin saitin nan marasa suna ko masu sunan da aka kwaikwayi na wani aka canza harafi ɗaya, ba katakon ne ke fara mutuwa ba, ƙarafan ne. Feda ta fara ƙara ƙii ƙii, sarƙarta ta tsinke ana tsakiyar waƙa, notin ƙarfen hai-hat, simbal biyun nan da ake haɗawa da ƙafa, ya cinye zare ya daina riƙewa, tom ya dinga sunkuyawa a hankali har ya kwanta a kan kik ya goge masa fenti, ƙafar kik ta karye a kawo bulo a tare. Allah ya saka wa mutanen Panteka, sun ceci saiti da yawa a garin nan, ka kai musu ƙarfe a karye su yi maka walda su yanka sabon zare, wani lokacin ma abinda suka ƙera yafi na asalin ƙwari. Amma in kowane wata sai an je Panteka, an sayi sabon abu kaza, shekara biyu a sake wani lanchin, to ina arahar take? Feda mai kyau da ƙarafa masu ƙafa biyu-biyu da kujerar da bata rawa, waɗannan ma na sa su a layin simbal, a kashe musu kuɗi.

Ga kuma yanayin garinmu wanda masu rubuta talla a Turai basu san shi ba. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu hunturu ne, iska a bushe ƙura ko'ina, tana shiga cikin feda ta haɗu da giris ta zama kamar yashi. Maris da Afrilu zafi, a ƙarƙashin kwano da ƙofofi a rufe daga Litinin zuwa Asabar. Sai damina ta shigo da laima, rufi na ɗiga, ƙarafa su fara tsatsa. Katako kuwa shan laima yake ya kumbura ya bushe ya tsuke, shekara bayan shekara. Fentin nan mai sheƙi na mai tsada shine ya fi saurin nuna rauni. Su kuma 'yan ban masu yawo, a loda ganga a bayan a-kori-kura ko a cusa a Keke ba jaka ba akwati, sifika a kanta, a bi ramukan unguwa da ita. Wanda zai yi wannan rayuwar da saitin miliyan shida to ko dai bai san kuɗinsa ba ko ba shi ya biya ba.

Masu ɗaya ra'ayin suna da hujjoji, kuma ba duka ne na banza ba. Suna cewa mai tsada yana riƙe ɗauri, baya saki da wuri, gaskiya ne, amma na tsakiya mai suna ma yana riƙewa daidai gwargwado. Suna cewa in ka tashi sayarwa baya faɗuwa, musamman yadda naira ke yi, wanda ya sayi kaya a 2022 yau a lissafin naira riba ma yake gani. Wannan ma gaskiya ne a takarda, sai dai wa zai saya a Kaduna? Kasuwar masu iya cire miliyoyi su sayi ganga ta hannu 'yar ƙarama ce, sai ka nemi Abuja ko Legas, kuma majami'a ai bata sayar da kayanta, sai dai in sun tsufa a tura wa reshe na ƙauye. Inda hujjarsu ta tsaya da ƙafarta shine situdiyo. In kana da ɗakin da aka gyara don ɗaukar sauti, da maik masu kyau kowace ganga da nata, kuma mutane na biyanka don wannan sautin, to a nan ƙaramin bambancin nan yana fitowa kuma yana dawo da kuɗinsa. Haka mai bada hayar kaya ga manyan taruka, wanda baƙin mawaƙa zasu turo masa takarda suce ga irin saitin da muke so. Waɗannan sana'a suke yi da shi, su saya. Amma su nawa ne a garin nan?

Hujjar da ta fi wuyar amsawa ita ce ta zuciya, in dattijo ya ce maka abu mafi kyau ake ba Allah. Ba na raina wannan maganar ko kaɗan. Sai dai in mun faɗa wa juna gaskiya, sau nawa maganar daga nan take fitowa, sau nawa kuma daga cewa majami'ar da ke bayan layi sun sayi nasu, matasanmu sun fara zamewa can? Na zauna a irin zaman nan, hoton da ake miƙawa a waya hannu zuwa hannu ba wanda ya tambayi wane katako ne, kala ake zaɓa.

Kuma in abu mafi kyau ake nema, ga yaron da ke zaune a bayan gangar nan. Shi ke zuwa riyasal ranar Asabar, shi ke fara zuwa ranar Lahadi ya kuma bi duk sujadar mako, a ƙafa ko a kan acaɓa da kuɗinsa, sanda in ta karye shi ke saye, ko ya naɗe ta da salatif ya ci gaba. Ba wanda ya taɓa biya masa kuɗin koyo, a waya ya koya in ya samu data, shi yasa abinda ya iya shine gudu da ƙarfi, don abinda bidiyo ke nunawa kenan. Wani ya taɓa ce min "Oga, ni fa ban taɓa ganin an canza fata ba, na ɗauka sai ta fashe." Ba laifinsa bane. Ranar da ya samu wurin da za a dinga bashi ko na mota, Abuja zai tafi, a bar saitin miliyoyi a hannun duk wanda ya riga zama a kujerar, yara biyar shida suna karɓa-karɓa ba mai alhakin komai. Tony Allen, ɗan Legas ɗin nan da ya yi wa Fela kiɗa, wanda ya rasu a Paris a 2020, yana ɗan shekara 18 ya fara kuma da kansa ya koya, duk wanda ya kalli yadda yake kiɗa zai ga da kyar yake ɗaga hannu, taɓawa yake yi kawai, gaɓoɓi huɗu kowanne da abinda yake faɗa. Irin wannan hannun shi ke sa ganga ta yi tsada a kunne, kuma koyo da zama ne ke kawo shi. Kwatan kuɗin saitin nan zai biya malami ya koyar da yara uku huɗu na tsawon lokaci har a dinga basu ɗan alawus.

Abin ma da ke bani mamaki, a ƙasar da makaɗi ya san kayansa ciki da waje muke. Mai kalangu shi ke zaɓen fatarsa, ya san wadda zata yi da wadda ba zata yi ba, ya san yadda zai ja tsarkiya, in sanyin safiya ya sa ta saki ya san ya shanya ta a rana ko ya kai ta kusa da wuta, baya barin kowa ya ɗauka masa. Matan zumunta da tulunsu da kacau-kacau haka suke, kowace ta san nata, an gama a naɗe a ɗaure a kai ɗaki. Gangar bature ce kaɗai muka mayar kayan kowa da kowa, a saya da tsada a bar ta a buɗe ƙura na hawa, yara na wasa da ita bayan an tashi.

Akwai kuma maganar kunne da ba a yi. Masana lafiyar ma'aikata sun sa desibel 85, a ma'aunin ƙarfin ƙara, a matsayin iyakar abinda kunne zai ɗauka na awa takwas, kuma duk ƙarin 3 lokacin rabewa yake biyu. Saitin ganga in ana dukansa da ƙarfi yana wuce 100 a inda makaɗin yake zaune. Yaran nan da yawa suna tashi kunne na musu ƙara, sun ɗauka al'ada ce. Abin toshe kunne kuɗinsa bai taka kara ya karya ba, ban taɓa ganinsa a jerin kayan lanchin ba.

Wasu zasu ce to a koma ta lantarki mana, irin su Roland, a rage ƙara a huta da fata. Tana da amfaninta, musamman a ƙaramin ɗaki, ni ma tafi min sauƙi a miksa. Amma da an ɗauke wuta ta zama roba, in wuta ta dawo da ƙarfi ta ƙona kan na'urar shikenan, mai gyara kuma sai an sha nema. Mai kyaunta ma ba araha bace.

Da ni za a ba kuɗin a ce in kashe, saiti na tsakiya mai suna zan nema, in na samu Beljiyam mai lafiya ma yafi, in sa masa sabbin fatu sama da ƙasa in ajiye na sineya da na kik na ko-ta-kwana, in sayi hai-hat da simbal biyu na ƙwarai ko da na hannu ne in dai ba tsaga, feda mai kyau, kafet, zanen rufewa, makulli biyu ɗaya a ɗaure a jikin kik. Sauran a gyara ɗaki a kuma ware na makaɗi da malaminsa, a ce wane kai ke da alhakin kayan nan, ba mai hawa sai da saninka.

In kuma na hannun za a saya, kar a tura wanda ya iya ciniki kawai, a haɗa shi da makaɗi. A cire fata a shafa bakin gangar da yatsa a ji ko akwai inda ya ɓantare, a kifa ta a kan gilashi ko tebur mai santsi a ga ko tana rawa, a auna faɗinta ta gefe biyu a ga ko har yanzu a zagaye take, a leƙa ciki a duba ko fallen katakon sun fara rabuwa ko ruwa ya taɓa kwanciya, a juya kowane noti a ji zarensa. Simbal kuma a ɗora shi a kan yatsa a ƙwanƙwasa, a bi bakinsa da farce a zagaye, a ɗaga shi a rana a duba gefen ramin tsakiya don a nan ƙananan tsagu ke ɓuya. In mai kayan yace ba za a kwance fata ba sai an biya, a bar masa abinsa a duba gaba.